Yadda za ki ƙiyasta kuɗin fara surfanin keke a gida a Saudiyya

Mata da yawa a Makka da Jidda suna sha'awar sayen keken surfani mai kwamfuta don yi wa abaya da gyale ado a ɗakinsu. Sai dai kuɗin keken kaɗai suke lissafawa, shi ya sa wasu kekunan ke zaune cikin kwali saboda babu zare.

Ki fara da girman firam, wato abin da ake ɗaura yadi a ciki a yi surfani, kafin ki tambayi farashi. Ƙananan kekuna irin Brother PE535 ba sa wuce santimita 10 a tsawo da faɗi, wanda ya isa suna ko ɗan fure a rigar yaro. Hannun abaya kuwa yana son zane mai tsawo, kuma duk sanda kika kwance yadi kika sake ɗaurawa, zanen na iya karkacewa. A ganina gara ki ƙara haƙuri ki tara kuɗin mai firam na santimita 13 da 18, kamar PE800. Irin waɗannan kekunan gida masu allura ɗaya suna kaiwa kusan dala 400 zuwa 1,000, kuma tunda dala tana kan riyal 3.75, kimanin riyal 1,500 zuwa 3,750 ke nan. Ki tambaya ko an haɗa harajin kashi 15 cikin ɗari a farashin.

Idan na hannu za ki saya ta manhajar Haraj, kada ki biya sai an ɗinka zane a gabanki, kin kuma duba adadin ɗinkin da keken ya yi a allonsa. Ki karanta lambar wuta a bayansa. Wanda aka yo wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, gidaje da yawa a nan kuma 220 ko 230 ne, sai da taransifoma.

Daga nan sai kayan da ke ƙarewa, kuma nan ne kuɗi ke tsiyaya a hankali. Zaren sama na foliyesta mai lamba 40, na kwarkwaro mai lamba 60 ko 90, allura 75/11, da ƙaramin almakashi mai lanƙwasa. Kada ki ruɗu da akwatin kala sittin. Baƙi, zinare, azurfa da 'yan kaloli sun ishe ki. Fazlin da ake sawa ƙarƙashin yadi kuma ba a yi masa rowa. Yadin abaya yana da santsi, in babu tallafi mai kyau za ki cire firam ki ga gefen furen ya tattare, guga kuma ba ta gyara shi. Ki nemi baƙin fazlin da baƙin zaren kwarkwaro don kada fari ya leƙo.

Zane ma kuɗi ne. Keken Brother na karanta fayil ɗin zane nau'in PES, keken Janome kuma nau'in JEF, don haka ki duba kafin ki saya a intanet. In da kanki za ki tsara zane, manhajar Wilcom ta ƙwararru tana da tsada sosai, ki fara da Ink/Stitch, kyauta ce.

Ki ware wani abu na yadin gwaji da na makaniki. In kuma niyyarki sayarwa ce, ki fara bincika abin da dokar iƙama, wato takardar izinin zama, ta ba ki dama kafin ki karɓi aikin kowa.