Kurakuran da ake yi wajen wanke hanyar mai a tsohuwar mota

Duk warshar da ka shiga a Sina'iyyar Jidda, wato unguwar garejojin gyaran mota, za ka tarar da irinsu: Caprice, Cressida ko GMC da ta shekara a ajiye, mai ita ya zo yana cewa a wanke masa kafireta kawai. A wanke, ta tashi lafiya, kafin mako ya zagayo ta koma shaƙewa. Dattin daga tanki yake zuwa, kuma nan ne wurin da aka fi tsallakewa.

Fetur idan ya yi watanni a ajiye, musamman a zafin ƙasar nan, mai sauƙin cikinsa yana tashi ya bar wani danƙo ja mai warin fenti. Ga laimar bakin teku, wadda ke tara raɓa a tankin da ba a cika ba har tsatsa ta kama. Gyaran shi ne a sauke tankin gaba ɗaya, a juye tsohon man, a haska ciki da tocila. Idan akwai ɓawon tsatsa, a zuba ƙananan notuna ko guntun sarƙa tare da ruwan wanki a girgiza sosai, a ɗauraye, a bar shi ya bushe ƙarau. A duba ɗan rariyar da ke bakin bututun jan mai ma, don sau da yawa ta toshe ko ta yage. Daga nan a hura bututun ƙarfe da iska, bayan an cire shi ta ɓangarorin biyu.

Ɗan'uwa, kada ka bari a kai wutar walda kusa da tanki don an ce babu mai a ciki. Tururin da ya rage shi ne ke fashewa. Zuƙo fetur da baki ma a daina, famfon hannu bai da tsada.

Sai kuskuren da ya fi ba ni takaici: zura wayar ƙarfe a ramin jet, ɗan ƙarfen da ke auna man da ke wucewa a cikin kafireta. Jet tagulla ce mai laushi, an auna raminta daidai. Ka faɗaɗa shi kaɗan, mota ta shiga shan mai da baƙin hayaƙi, kuma ba ya komawa. Feshin wanke kafireta da iska sun isa, ka ɗaga jet ɗin ga haske ka ga rami ya fito zagaye tas. Iskar kwamfireso kuwa sai an warware kafiretar, domin idan aka hura ta a haɗe tana iya murƙushe fulot, abin da ke yawo a kan mai yana tsayar da shigarsa idan ya cika, mai ya riƙa ambaliya. Tsohon gaskit kada a mayar da shi, kada kuma a shafa silikon a wurin, fetur na narkar da shi ya shige ramuka.

Masu Caprice da GMC da ke da kafiretar Quadrajet su lura: akwai ƙaramar filta ɓoye a cikin babban notin da bututun mai ke shiga. Zaren wurin ba shi da ƙarfi. A riƙe babban notin da sifana ɗaya, a kwance bututun da wata, wajen mayarwa kuma a fara ɗaurawa da yatsu. Wanda ya tilasta shi zai kwana yawon tashlihi, inda ake sayar da kayan matattun motoci, neman wata kafireta.

Tiyon roba da ya ƙeƙashe a canza shi da tiyon fetur na ainihi, ban da na ruwa. Filtar da ke kan tiyon mai tana da kibiya a jikinta, ta fuskanci inji. Idan man inji yana warin fetur, robar cikin famfon mai ta fashe, a canza famfon da man injin tare. Ranar tayarwa a cika tanki da sabon fetur, a ajiye abin kashe gobara a kusa, a bi kowace mahaɗa da ido ko tana ɗiga. Filtar da aka fara sawa bayan wankin takan kama ragowar datti da wuri, saboda haka a sake canza ta bayan 'yan makonni.