Yadda Za Ka Auna Taron Mu'ujiza Kafin Ka Ba Da Gaskiya

Ɗan'uwa, idan maƙwabci ya gayyace ka taron farkawa ko addu'ar dare a nan Gombe, ba sai ka ƙi ba. Je ka da Littafi Mai Tsarki a hannu, ka zauna daga baya inda za ka ga komai. Ni ɗan ECWA ne, a Kaltungo na tashi, inda 'yan mishan na SIM suka sauka a 1917, kuma na gaskata Ruhu Mai Tsarki yana aiki har gobe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a jingina masa kowane ihu.

Fara da harsuna, wato magana da baƙon harshe da ake cewa Ruhu Mai Tsarki ne ke bayarwa. Buɗe 1 Korintiyawa 14:27-28. Bulus ya ƙayyade mutum biyu, in sun yi yawa uku, ɗaya bayan ɗaya, wani kuma ya fassara. In babu mai fassara, a yi shiru a cikin taro. Idan majami'a ta ɗauka gaba ɗaya ba mai jin wani, ko fasto yana cewa a maimaita sautin da yake yi har harshe ya kama, ka san an kauce.

Lokacin ɗora hannu, bar kallon wanda ya faɗi, kalli tafin da ke goshinsa. Na ga ana tura mutum baya da ƙarfi, matasa biyu sun riga sun tsaya a bayansa, wata mata riƙe da zanen rufewa. Wanda ya ƙi faɗuwa sai aka ce aljaninsa mai taurin kai ne.

Sai kuɗi. Baiko da zakka mun san su, ma'aji yana rubutawa, ana karanta lissafi a gaban ikilisiya. Amma ambulan na "shuka iri" mai farashi, da kwalbar man zaitun da ake sayarwa a bakin ƙofa, wannan ciniki ne. Bitrus ya tsawata wa Siman da ya nemi sayen baiwar Allah da kuɗi, Elisha kuma ya ƙi karɓar komai daga hannun Na'aman.

Inda zuciyata ta fi zafi shi ne warkarwa. Wata mama a Zumuntar Matanmu tana da hawan jini, aka ce mata ta warke, shan ƙwaya kuma rashin bangaskiya ne. Ta zubar da maganin. Yau ɓarin jikinta a shanye yake, jikarta ke ba ta kunu a baki. Don Allah, ko an yi maka addu'a ka ji sauƙi, kada ka daina maganin hawan jini, ciwon suga ko ƙanjamau sai likita ya gwada ka ya ce. Yesu da kansa ya tura kutare goma su nuna kansu ga firistoci, dubi Luka 17:14. Warkarwar gaskiya ba ta tsoron gwaji.

In an yi maka annabci, rubuta shi da kwanan wata ka ajiye, domin Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ce maganar da ba ta cika ba, ba daga Ubangiji take ba. In kuwa an ce surukarka ko gwaggonka ce mayyar da ta tare maka hanya, kada ka tunkari kowa. Kai maganar ga dattawan ikilisiyarka tukuna.

Maƙwabcin da ya gayyace ka kuma, kada ka yi masa ba'a. Wataƙila rashin haihuwa ko bashi ne ya kai shi can. Tambaye shi damuwarsa, ku karanta surar nan ta Korintiyawa tare, ku yi addu'a a ɗakinsa.