Yadda ake ajiye babbar tarwaɗa a tankin gilashi a cikin gida

Tarwaɗa ba baƙuwa ba ce a Zariya, domin ana kama ta a Kogin Galma, ana kuma kiwon ta a kududdufan siminti da manyan tankunan roba a bayan gidaje daga Samaru har Tudun Wada. Abin da bai saba ba shi ne a ajiye ta a tankin gilashi a cikin falo domin kallo, ba domin tukunya ba. Hakan yana yiwuwa, amma da sharaɗi guda wanda duk sauran shirye-shirye suke rataye a kansa: a yi tanadi domin girman da kifin zai kai nan gaba, ba domin girman da yake da shi ranar da aka sayo shi ba.

Ɗan tarwaɗar da ake sayarwa da tsawon yatsa yana iya kaiwa kilo 1 cikin wata 5 zuwa 6 a hannun masu kiwon kasuwa, kuma ba nan yake tsayawa ba. Tarwaɗar da masana suke kira Clarias gariepinus, wadda aka fara bayyana ta a rubuce a shekarar 1822, tana iya wuce mita 1 a tsawo, mafi girman da aka sani kuma ya kai kusan mita 1.7 da nauyin kilo 60. A cikin gida ba za ta kai haka ba, sai dai santimita 60 zuwa 70 ba abin mamaki ba ne idan ta samu abinci da ruwa mai kyau. Akwai masu cewa kifi yana daidaita girmansa da girman mazubinsa. Gaskiyar lamarin ita ce ƙunci da gurɓataccen ruwa ne suke tsumburar da shi, kuma kifin da aka tsumbure ba lafiyayye ba ne.

Saboda haka zaɓen irin kifin shi ne mataki na farko. Ramboshi, wanda ake gane shi da wani tudun nama mai kama da fiffike a bayansa kusa da wutsiya, ya fi tarwaɗa girma, haka ma gaurayen da masu ƙyanƙyasa suke samarwa tsakaninsa da tarwaɗa, don haka duka biyun ba na falo ba ne. Minjirya tana da ban sha'awa, amma wutar jikinta tana iya kaiwa bolt 350, kuma gidan da yake da ƙananan yara ba wurinta ba ne. A ganina, wanda bai taɓa riƙe kifi ba gara ya fara da kurungu, wanda yawancin nau'o'insa ba sa wuce santimita 20 zuwa 40, har ma akwai wani nau'insa da yake iyo a rigingine. Wanda ya nace sai tarwaɗa, to ya ajiye guda ɗaya tak, domin babba tana cinye ƙarama, kuma duk kifin da zai shiga bakinta, ko ƙarfasa ce, abinci ne a wurinta da zarar dare ya yi.

Tankin da tsawonsa ya kai santimita 180, faɗinsa 60, tsayinsa 60, yana ɗaukar kusan lita 650, wato jarka 26 mai cin lita 25. Wannan zai riƙe tarwaɗa ɗaya har ta kai kamar santimita 45, bayan nan sai an koma wanda ya kai santimita 240 a tsawo da 90 a faɗi, mai ɗaukar kusan lita 1,300. Faɗi ya fi tsayi muhimmanci, tunda kifin ƙasa ce, kuma tana buƙatar wurin juyawa ba tare da ta lanƙwashe jikinta ba. A gaya wa mai yankan gilashi cewa kaurinsa kada ya gaza milimita 12, a sa masa madogarai a sama domin kada ya buɗe, a kuma haɗa shi da gam na silikon wanda ba a zuba masa maganin hana fumfuna ba, domin wannan maganin guba ne ga kifi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka ƙaramin tankin nan da gilashinsa da yashinsa zai haura kilo 800. Teburin katako na falo ba zai ɗauka ba. Sai dai a gina masa dakali na bulo ko a sa maƙeri ya haɗa ƙafafun ƙarfe masu ƙwari, a shimfiɗa soso ko farin kumfan da ake naɗe kayan lantarki da shi a ƙarƙashin gilashin, a kuma tabbatar da ma'aunin magina cewa wurin bai karkata ba. Mai zama a bene, musamman ɗan haya, ya fara tuntuɓar mai gida da wanda ya san gini.

Murfi wajibi ne, kuma mai nauyi. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iska kai tsaye da ita, shi ya sa take daɗewa a raye a tire ɗin masu sayar da kifi a kasuwar Sabon Gari, kuma shi ya sa take iya fita daga ruwa ta ja jiki a ƙasa da dare. A rufe duk wata kafa da tiyo ko waya suke bi, amma a bar tazarar kamar santimita 10 tsakanin ruwa da murfin, domin idan aka hana ta hawowa ta shaƙi iska za ta iya mutuwa a cikin ruwan. A ƙasan tankin a zuba yashi mai laushi da aka wanke sosai, ban da tsakuwa mai kaifi, saboda ba ta da ɓawo a jikinta, kuma gashin bakinta guda takwas da take laluben abinci da su suna saurin rauni. A sa mata guntun babban bututun roba ko tukunyar ƙasa da aka kwantar domin ta ɓuya, a rage hasken fitila. Shuke-shuke ɓata kuɗi ne, za ta tumɓuke su.

Maganar ruwa ita ce inda aka fi yin asara, kuma juriyar tarwaɗa ce take yaudarar mutane. Ganin tana rayuwa a cikin taɓo sai a ɗauka kowane ruwa ya ishe ta, alhali a tafki ƙazantarta tana bajewa, a tanki kuwa tana taruwa ne a wuri ɗaya. Kashinta da ragowar abinci suna fitar da amoniya, wadda take ƙona mata fata da wurin numfashi. Wasu ƙwayoyin halitta masu amfani, waɗanda suke zama a jikin soso da duwatsun matatar ruwa, wato na'urar da take tace ruwan tankin, su ne suke mayar da amoniya zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne, sannan su mayar da shi naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce kuma ana rage shi da canjin ruwa. Waɗannan ƙwayoyin suna ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita, don haka a kunna matatar a riƙa jefa ɗan abincin kifi a tankin da babu kowa har tsawon wannan lokaci kafin a kawo kifin. Wanda yake da abokin da ya daɗe da tanki, ya roƙi guntun tsohon sosonsa, hakan yana gajarta jiran. Matatar ta zama babba, wadda za ta juya ruwan tankin gaba ɗaya aƙalla sau huɗu a awa ɗaya. Ƙananan da ake mannawa a jikin gilashi ba za su yi komai ba, kuma durom ɗin roba da aka cika da soso da tsakuwa aka haɗa shi da famfo ya fi su aiki da araha. Idan za a wanke soson, a ɗauraye shi a cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin, ba da ruwan famfo ko sabulu ba.

A canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan kowane mako, ana zuƙe dattin ƙasa da tiyo. Ruwan famfo yana ɗauke da kilorin, sinadarin tsabtace ruwa wanda yake cutar da kifi, don haka a tara shi a buɗaɗɗen durom ya kwana ɗaya ko biyu domin sinadarin ya fita. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da kilorin, amma yakan fito da ƙarancin iska, wani kuma da tsatsar ƙarfe, shi ma ya kamata ya kwana. Wanda yake dogara da 'yan ga-ruwa ya yi lissafi tun da wuri, domin jarka 8 ko 9 ce duk mako, har da watannin Maris da Afrilu lokacin da rijiyoyi suke ja baya. Ruwan da aka zubar kada a yi asararsa, taki ne mai kyau ga shukar gida.

Tarwaɗa ta fi walwala a ruwan da zafinsa yake tsakanin digiri 25 da 30. Yawancin shekara ɗakin Zariya yana bayar da wannan ba tare da wani taimako ba, amma a tsakiyar hunturu, cikin Disamba da Janairu, sanyin dare yakan sauka ƙasa da digiri 15, kifin ya daina cin abinci, sannan cutar fararen ɗigo ta samu ƙofa. A tanadi hita biyu masu wat 300 da ma'aunin zafi, a kuma sa wa hitar kariya ta roba, domin babbar tarwaɗa tana fasa ta da duka ɗaya na wutsiya. A lulluɓe tankin da bargo da dare, a kuma guji zuba ruwan da ya kwana a waje cikin sanyi kai tsaye. Da bazara kuma a nisanta tankin daga taga mai rana.

Ɗaukewar wuta ba ta kashe tarwaɗa nan take kamar yadda take kashe sauran kifaye, tunda tana shaƙar iska. Abin da yake mutuwa shi ne ƙwayoyin da suke cikin matata, idan ruwa ya daina ratsa su na sa'o'i masu yawa. Ƙaramin famfo da injin kumfar iska ba sa cin wuta sosai, don haka batir da inbata ko ƙaramar sola za su riƙe su. Hita kuwa tana shanye batir da sauri, a bar ta ga wutar gari. Idan matatar ta yini a kashe, a zubar da ruwan da ya kwanta a cikinta kafin a sake kunnawa, a kuma dakatar da ciyarwa a ranar.

Abincin da masu kiwo suke amfani da shi, mai yawo a saman ruwa, ya wadatar, ana farawa da mai milimita 2 ana ƙara girmansa yayin da bakin kifin yake faɗaɗa. Bambancin shi ne manomi yana neman ƙiba cikin gaggawa, mai tankin gilashi kuwa ba haka yake so ba. Ƙarami ya ci sau biyu a rana, babba kuwa sau ɗaya da magariba, gwargwadon abin da zai cinye cikin minti 5, har ma a tsallake rana ɗaya a mako. Tsutsar ƙasa da gara da guntun kifi suna da kyau jefi-jefi. Hanjin kaji da kitse da tuwo suna ɓata ruwa cikin dare ɗaya, kada a ba ta.

Idan kamawa ta zama dole, a yi amfani da bokiti ko buhu mai santsi, domin ƙayar da take gefen ƙirjinta tana sarƙewa a raga, kuma sukanta yana da raɗaɗi ƙwarai. Gashin baki da ya fara cinyewa, ko jan tabo a ciki, ko tsayuwa a miƙe kusa da saman ruwa, alamu ne da suke nuna ruwan ya lalace, kuma canza rabinsa shi ne matakin farko kafin kowane magani. Magungunan da suke ɗauke da jan ƙarfe suna yi wa kifi marar ɓawo illa, don haka idan ciwon bai lafa ba a nemi likitan dabbobi, kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Samaru.

Ranar da kifin ya kasa juyawa cikin sauƙi, zamansa a gilashi ya ƙare, kuma ya kamata a san inda za a kai shi tun kafin ranar ta zo: kududdufin siminti a tsakar gida, ko hannun wani mai kiwo da yake neman iyaye domin ƙyanƙyasa. Kada a sake shi a Galma ko a dam ɗin Kubanni, musamman idan gauraye ne ko ya taɓa yin ciwo, kuma wanda aka yi wa magani kwanan nan kada a yanka shi domin ci sai likita ya faɗi tsawon lokacin da za a jira.