Kurakuran batir da ke kayar da ƙananan jiragen matasan Zariya

Yaron da ya tashi a Palladan yana kallon jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, wadda ke nan tun 1964, dole wata rana ya nemi soso da kwali ya ƙera nasa mai rimot. Abin da ke damuna, sai a shafe wata biyu ana gyaran fiffike, batir kuwa sai ranar gwaji a ɗauko duk wanda ya samu.

Da yawa batirin tsohuwar laftof suke ɓarewa su haɗa. An yi shi ne don ba da wuta kaɗan-kaɗan, injin farfela kuwa zuƙa yake yi, shi ya sa ƙarfi ke yankewa daidai lokacin tashi. Ka nemi LiPo, wato batirin litiyom irin na ƙananan jirage, ka duba lambar C da ke jikinsa, wadda ke nuna yawan wutar da zai iya bayarwa a lokaci guda: mai ɗaukar caji 2200mAh da 25C zai iya ba da amfiya 55. Idan injinka na jan fiye da haka, ba nasa ba ne.

Wajen caji ne babban haɗarin yake. An kawo wuta da tsakar dare, sai mutum ya jona batir a gefen katifa ya koma barci. Wallahi ɗan'uwa, kada ka yi haka. Kowace ƙwaya daga cikin ƙananan baturan da aka haɗa a cikinsa iyakarta volt 4.2, wato mai ƙwaya uku 12.6, kuma sai da caja mai daidaita ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ba cajar batirin babur ba. A kan siminti ake yi, da bokitin yashi a kusa, kana zaune kana gani. Kamfanin Boeing ma, da duk injiniyoyinsa, sai da aka dakatar da jiragensa samfurin 787 a Janairun 2013 saboda batirin litiyom, balle mu. Ka sauko da jirgi idan ƙwaya ta kai 3.5, domin ƙasa da 3.0 lalacewa take yi. Za ka ajiye ya kwana biyu? Bar shi a 3.8, a inuwa, musamman a zafin Maris da Afrilu. Wanda ya kumbura kuwa ya gama aiki. Kada ka huda shi da allura wai iska ta fita, wuta ce za ta tashi.

Sai ɗauri. Sau da yawa batir ne abu mafi nauyi a jikin jirgin, amma sai ka ga an ɗaure shi da tsinken roba. Jirgi na ɗaga hanci, batir ya zame baya, wutsiya ta yi nauyi, shi ke nan. Ka sa maɗauri mai kama-kama, ka tokare gaba da baya da soso mai tauri. Sannan ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku daga bakinsa na gaba. Idan ya rinjaya baya, matsar da batir gaba.

Rimot ake fara kunnawa, batir a jona shi daga ƙarshe. In a kan tebur kake gwaji, cire farfelar tukuna.