Yadda na daidaita muryoyi biyu a Audacity, manhajar gyaran sauti

Hira ce ta mutum biyu, kowa da makirufonsa: muryar ɗaya na tashi, ta ɗayan sai an kasa kunne. Na sa wa kowane layi (wato sautin kowane makirufo) Normalize, mai daidaita matakin sauti, a -1 dB (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne), amma bambancin bai gushe ba.

Dalilin shi ne Normalize ƙololuwar sauti kaɗai yake dubawa. Mai ƙaramar muryar ya yi tari sau ɗaya, tarin ya kusa kai 0 dB, wato iyakar sama, sai manhajar ta ɗauka babu sauran wurin ƙari.

Na zaɓi tarin shi kaɗai, na rage shi da Amplify a -10 dB. Daga nan na bi kowane layi daban da Loudness Normalization, wanda ke auna ƙarfin da kunne ke ji, na sa -19 LUFS (ma'aunin wannan ƙarfin) tunda mono ne, wato sauti mai hanya ɗaya. In sitiriyo ne, mai hanyar hagu da ta dama, -16. Sai Limiter, mai hana sauti wuce iyaka, a -1 dB, don duk abin da ya haura 0 dB yankewa yake, ya riƙa ƙara kamar tsagaggiyar lasifika.

A kula, ɗaga murya na ɗaga ƙugin fanka da janareta tare da ita. A fara yin Noise Reduction, mai rage ƙugin, tukuna, kuma kada a wuce 12 dB, in ba haka ba muryar ta koma kamar daga cikin randa.