Yadda Ake Haɗa Burodi da Ƙwai Irin na Mai Shayi a Gida

Sau da yawa uwargida za ta soya ƙwai da safe, ta yanka burodi ta jera, amma yara su ce na mai shayin bakin layi ya fi daɗi. Kayan da ke kan teburinsa kuwa duk suna cikin kicin ɗinki. Abu biyu ya fi mu iyawa: sarrafa wuta, da gasa burodin a jikin ƙwan tun yana cikin kasko. Na biyun nan shi ne yawancinmu muke tsallakewa.

Na mutum ɗaya, ki tanadi ƙwai 2, rabin ƙaramar albasa, attaruhu 1, ƙaramin tumatir 1, rabin dunƙulen Maggi, gishiri ɗan kaɗan, man gyaɗa cokali 2, sai burodi. In ana son ƙamshi ba yaji ba, a sa tattasai a madadin attaruhu.

Burodin da ya fi dacewa shi ne mara yanka, mai laushi da danƙo, irin wanda ake kira Agege, domin yana jure danni ba ya marmashewa. Yankakken burodi ma zai yi, sai dai yana saurin shan mai. A Maraɗi da Damagaram dogon burodi mai ɓawo irin na Faransa ake tsagawa a cusa ƙwan a ciki, shi ma da daɗinsa. Ko wanne kika samu, ki tsaga shi a kwance ki bar gefe ɗaya a haɗe, ya buɗe kamar littafi.

Kada ki fasa ƙwai kai tsaye a kan kayan haɗi. Ki fasa ɗaya-ɗaya a ƙaramin kofi, ki duba, sannan ki juye a kwano, musamman da bazara da ƙwai ke saurin lalacewa. In kina shakkar kirat ɗin da aka sayo, ki saka su a ruwa: mai kyau zai nutse, wanda ya daɗe zai taso sama. Da damina in kin samu ƙwan zabi kada ki wuce shi. Gwaiduwarsa ta fi gardi, amma ƙanana ne, don haka 3 za ki fasa.

Albasa da attaruhu a yanka su ƙanana sosai. Tumatir kuwa ki raba shi, ki kwashe 'ya'yan da ruwan cikin, ki yanka tsokar kaɗai. Ruwan tumatir ne ke sa wainar ƙwai ta dagargaje wajen juyawa, ta kuma jiƙa burodi. Ki murmushe Maggi da yatsu har ya zama gari kafin ki zuba, don kada wani ya tauna dunƙule. Sai ki kaɗa da cokali mai yatsu har kumfa ta taso. Da zarar kin kaɗa ki soya. In ya zauna da gishiri a ciki, albasar za ta saki ruwa.

Yanzu ga wajen da aikin yake. Ki ɗora kasko mai faɗi, ki zuba mai ya yi zafi. Ki ɗiga ɗigon ƙwai ki gani: in ya yi cuu ya taso nan take, man ya yi. In kuma hayaƙi ke tashi, ya wuce, ki sauke ya ɗan huce, in ba haka ba ƙasan zai ƙone sama na ɗanye. Ki juye ƙwan, ki karkata kaskon ya bazu ko'ina, sannan ki rage wuta. Daga nan ki zuba ido. Za ki ga gefe-gefen ya kama yana ɗagowa daga jikin kasko, tsakiyar kuma tana sheƙi da sauran danshi. Wannan ne lokacin. Ki kifa buɗaɗɗen burodin a kai, cikinsa na kallon ƙwan, ki danna da bayan cokali a hankali. Danshin nan shi zai manne ƙwan da burodin su zama abu ɗaya. In kika jira ya bushe, ba za su kama juna ba, kina cizo ƙwan na zamewa.

Bayan kamar minti 1, ki sa faffaɗan cokali ta ƙasa ki juya su gaba ɗaya, burodi ya koma ƙasa ƙwai a sama. Ki naɗo gefunan ƙwan da suka yi waje zuwa ciki, ki rufe burodin, ki danne shi sosai. Ki gasa kowane gefe a ɗan man da ya rage har ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras. Wutar ta zama ƙasa-ƙasa don zafi ya ratsa cikin ya ƙarasa dahuwa. Wannan dole ne in yara ƙanana ko mai juna biyu za su ci. A ganina ba a buƙatar bota a nan, man kaskon ya wadatar, bota nauyi kawai za ta ƙara.

Mai son ƙari yana da zaɓi. Sardin na gwangwani yana shiga sosai: a farfasa kifin a cikin ƙwan, a yi suyar da man gwangwanin. Ragowar tsiren daren jiya ma a yanka ƙanana a zuba. Ni dai abin da na fi so shi ne a barbaɗa yajin ƙuli a kan ƙwan kafin a rufe burodin. Mayonis da kabeji sai an sauke ake sa su. Ranar da ƙwai ya yi tsada, ƙosai mai zafi ko soyayyar awara a tsakiyar burodi, a danne a kasko haka nan, suna ƙosarwa.

Shayin kuma ki fara ɗora shi tun kafin ki fasa ƙwai. Ki daka citta da kanumfari, su tafasa kamar minti 5, sannan ki jefa ganyen shayi ki sauke, domin in ya daɗe a wuta ɗaci yake yi. Mai son kauri a sa masa madara da Milo ko Bournvita, a sheƙa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa ya ɗan huce. Mai son ruwan bunu sukari kaɗai ya ishe shi.

In 'yan makaranta za ki naɗe wa, ki bar shi ya sha iska kamar minti 5 tukuna, kuma ki naɗe a takarda mai tsabta kafin ki sa a robar abinci. Leda tana tara gumi, kafin lokacin tara burodin ya jiƙe ya yi lakaf.