Yadda Ake Sauke Alamomin Takardar Yanka A Jikin Yadi

Takardar yanka, wadda wasu teloli ke kira fatan, ba siffar riga kaɗai take ɗauke da ita ba. A jikinta akwai ɗigo-ɗigo da layuka da ƙananan alamomi na gefe, su ne ke nuna inda hannu zai zauna, inda kamun ƙirji (ɗan ninkin da ake ɗinkewa don riga ta bi siffar jiki) zai tsaya, da gurbin aljihu da maɓalli. Duk waɗannan dole su sauka a kan yadi kafin a zare fil ko ɗaya. Da zarar an ɗaga takardar, yadin ya motsa ke nan, mayar da ita daidai gurbinta kuwa da wuya.

Kafin komai, a goge yadin da takardar su kwanta sumul. A ɗauki ƙyallen da ya rage daga yankan, a ja masa layi da abin da za a yi alamar da shi, a goge ko a wanke, a ga ko ya fita. Wannan gwajin bai wuce minti 2 ba, amma shi ne ya fi kowane mataki muhimmanci.

Alamomin gefe su ne mafi sauƙi. A ɗan tsaga bakin yadin da kan almakashi, kamar milimita 3, kada ya wuce haka. Rarar ɗinki, wato tazarar da ke tsakanin layin ɗinki da bakin yadi, a yawancin takardun yanka santimita 1.5 ce, tsagar da ta yi zurfi kuwa za ta raunana ɗinkin. Idan rarar siririya ce ko yadin mai zarewa ne, a bar almakashi, a ja ɗan layi da alli. A hannun riga, alama ɗaya gaba take nufi, biyu kuma baya. Wanda ya tsallake su yakan juya hannun, rigar ta riƙa ja a kafaɗa.

Alamomin tsakiya su ne ke son natsuwa, musamman kan kamu. A soka fil a tsaye ta cikin ɗigon har ya ratsa yadin ninki biyu. A ɗaga gefen takardar a hankali, a ɗiga alli daidai inda fil ɗin ya shiga, a juya a ɗiga inda ya fito a ninkin ƙasa. Daga nan a haɗa ɗigon da tsagogin gefe da rula. Allin ya zama mai kaifi; a kankare bakinsa da reza, domin layin alli mai dakushi yakan kai faɗin milimita 2 zuwa 3, kuma idan aka tara wannan kuskuren a kamu huɗu, kugu zai canza da kusan santimita guda ko fiye. A kula da alli mai kakin zuma: a kan ulu yana ɓacewa da guga, amma a siliki yakan bar tabon maiƙo. Guntun busasshen sabulu fari yana aiki sosai a yadi mai duhu wanda za a wanke.

Dogayen layuka masu lanƙwasa sun fi fita da takardar kabon ta ɗinki da 'yar taya mai haƙora da mariƙi da ake gangarawa a kan layi. Idan an ninka yadin fuska na kallon fuska, a sa kabon ɗaya a ƙasa launinsa na kallon sama, ɗaya kuma tsakanin takardar yanka da yadin, launinsa na kallon ƙasa. A bi layin da tayar sau ɗaya a kan katako ko kwali mai tauri. A zaɓi launin da ya fi kusa da na yadin muddin ana iya ganinsa. Kabon na ofis kuwa kada ma a kusance shi, ba ya fita.

Alƙalamin da ruwa ke gogewa yana da kyau, sai dai zafin guga na iya kama tawadarsa ta zauna daram, don haka a share da ruwan sanyi kafin a goge. Wanda zafi ke ɓatarwa kuma yakan bar farin sawu a yadi mai duhu, layin ma na iya dawowa idan kayan suka sha sanyi mai tsanani.

Leshi, shifon, karammiski da ulu mai kauri ba su son alli ko taya. Zare ne maganinsu. A zura zaren auduga ninki biyu ba ƙulli, a yi ɗan ɗinki a kan ɗigon ta cikin takarda da yadin duka, a maimaita a bar madauki sako-sako, a bar jela kamar santimita 3 a kowane ɓangare. A yanke madaukin, a ɗaga takardar, a raba ninkin biyu kamar santimita 1, a datse zaren da ke tsakani. Kowane ninki zai fito da tuntunsa. Kada a sa jan zare ko baƙi a farin yadi, yakan bar launi.

Duk alama a bayan yadi ake yin ta. Aljihu da ƙofar maɓalli ne kawai ake buƙatar ganinsu ta fuska, su ma sai a zana ta baya, a bi layin da dogon ɗinkin hannu, zaren ya bayyana ta gaba, a zare shi bayan an gama.